Goron Da Ba Ki Taɓa Sayarwa Ba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, ashe ina da yaya? Wata takwas da rasuwarki, sai jiya na sani. Wata mata mai suna Rabi ta zo Umra daga Shagamu, ta bi kwatance har ɗakinmu na unguwar Mansur. Da na buɗe ƙofa, fuskarki na gani har wushiryar.

Ta kwance ƙullin goro a ganye, irin wanda alhazai ke kawo miki duk shekara. Kullum cewa kike, “Na wata 'yar uwa ne a Kurmi.” Tire guda kina sayarwa a bakin titi, amma wannan ko ƙwaya ba ya fita. Ki yayyafa masa ruwa, ki tsince mai tsutsa, ki canza ganye. Mu kuwa muna tsokanarki wai kin fi son goro da mu.

Ta ce da aka haife ta kin binne cibiyarta, kika dasa goro a kai, cikin inuwar ayaba. Tana shekara shida kika taho Hajji, kika zauna ba iƙama, wato takardar zama, hanyar komawa ta rufe. Bishiyar ba ta fara 'ya'ya ba sai bayan tafiyarki. Shekara talatin da biyar ita ke fasa kwanso, ta jiƙa, ta ɓare, ta aiko miki.

Abu ɗaya ta tambaye ni, ko kin taɓa ambaton sunanta. Na ce ta ba ni lokaci. Gobe da azahar motarsu za ta bar masaukinsu na Jarwal, kuma tana jiran amsa.

Wallahi na ji haushinki, Inna, don ba ki taɓa ba. Na yi niyyar yi mata ƙarya. Sai ɗazu ina wanke tirenki na tuna maƙwabciyarmu Rabi mai waina. Shekara ashirin kuna zama kafaɗa da kafaɗa, “Baiwar Allah” kawai kike ce mata. Ni da aka haifa a nan, ina na san uwa ba ta kiran sunan 'yar fari? Nawa kuwa kina ƙwala shi har ƙarshen layi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Gaskiya zan faɗa mata: har kika koma ga Allah bakinki bai iya furta shi ba.

Allah Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu mu uku a Aljanna.

'Yarki ta biyu,
Safiya