Cikon Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan sai godiya. Baba yana samun sauƙi, har ya fara riƙe kofi da hannun da ya shanye, bakin ne dai har yanzu da nauyi.

Ka tambayi labarin gini. An fara haƙar fandisho, amma an tsaya. Ka san yadda filin yake da Baba ya saye shi, kwari ne mai tara ruwa. Shekara da shekaru, in ya taso daga aiki sai ya ɗauki baro ya kwaso ƙasa da ɓaraguzai yana zubawa, har wurin ya daidaita da titi. Kai kuwa da ka ji ƙarar baron nan sai ciwon ciki ya kama ka, ban manta ba.

To, injiniya ya ce cikon nan shi ne matsalar. Ba a daddanne shi ba, kuma laka ce a ƙarƙashinsa. Na ga ramin da idona, gefensa yana zubewa kamar gari, ruwa yana tsatsowa daga ƙasa. Ya ce in aka ɗora gini a kai, bango zai tsage kafin mu gama murnar tarewa. Sai an kwashe cikon duka an kai ga ƙasa mai ƙarfi.

Kullum na dawo, Baba sai ya tambaye ni ko magina sun yaba aikinsa. Abin da ke riƙe da shi ke nan, ya bar gidan haya ya kwana a kan ƙasar da ya tara da hannunsa. Na rasa bakin faɗa masa, Yaya.

A gaida kowa.
Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka samu sauƙi. Na ga shawararka cewa a ɓoye masa har a gama. Ai ka san mahaifinka. Ya matsa sai an kai shi, ya ƙi abinci, har Mama ta ce a kai shi a huta.

Na tura shi a keken marasa lafiya har bakin filin. Mun tarar motar haƙa tana loda wa tifa cikonsa. Ya daɗe yana kallo. Na shiga kame-kame ina maimaita bayanin injiniya, ya ɗaga min hannu na yi shiru. Sai ya yafito direban tifar, ya yi ta fama da harshensa har maganar ta fito:

"Kada ka zubar a bola. Ka kai wa mai bukata, ƙasa ce mai kyau."

Direban ya ce to. Ni na juya baya na yi kukana.

Aiki yana tafiya yanzu, har an zuba kankare. Amma Baba bai sake tambayar ginin ba, ko na ɗauko zancen sai ya rufe ido. Jiya ya sa na kira masa mai gidan da muke haya. Roƙonsa ya yi ya bari a faɗaɗa ƙofar ɗakinsa, don keken ya riƙa shiga ba wahala.

Ka zo, Yaya, kada ka jira a yi rufi.

Mama tana gaishe ka.
Ƙanwarka,
Auta