Shekarun Sahura

Unguwar Nima, daren Lahadi, 1985

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka haifi Sahura, ni na yi mata huɗuba. Haka na faɗa yau a gaban kwamitin da ya tara taimako don a raba yara da talla, a sa su makaranta, a ba uwayensu jari. Yaran ba su da takardar haihuwa, shi ya sa aka zaunar da ni, ana kawo yaro ina faɗin lokacinsa.

Malamin makaranta ya ƙirga daga 1974, ya ce shekarunta sha ɗaya ke nan, su kuwa a goma suke tsayawa. Ya soke sunanta.

Uwarta ba ta yi kuka ba. Ta ɗora mata tiren lemu, ta ce, "Baba, da ma ka manta, ko sau ɗaya."

Na ci tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba. Tunda nake a unguwar nan ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure.

Gobe da safe zan je in ce wa malamin na tsufa, na rikice, shekarar haihuwar yayarta na faɗa.