Mace a Majalisa

Laraba, bayan isha'i.

Yau da la'asar na je majalisar dattawa ta ƙofar gidan Alhaji Sule a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda suka ɗaga wa hannu shi jam'iyya ke ba takarar kansila, don haka ba gaisuwa kawai ta kai ni ba. Na durƙusa, na faɗi buƙatata.

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, ai mace ba ta zama a majalisa."

Na ce, "Baba, ban zo ƙwace muku tabarma ba. Majalisar ƙaramar hukuma nake nema."

Malam Bitrus, tsohon hedimasta, ya yi dariya har ya sarƙe da shayi. Sai suka hau yi min tambayoyi kan kwatar layinmu da ke cika gidaje duk damina. Nan kam gida suka same ni, shekara uku ina kwashe ruwa daga ɗakin Inna. Na daɗe ina bayani a tsaye, da takalmi mai tsini, wautata.

Ba su ce sun amince ba. Amma da zan tafi, Alhaji ya ce in dawo Asabar, in zo da kujerata. Har na wanke farar ta roba da ke tsakar gida.