Ruwan da Inna Ta Wanke

Matameye, Lahadi

Zuwa ga Yaya Cha'ibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya Kano, ya aiki? Inna tana gaishe ka.

Yaya, akwatin gilashin nan da ka bar mini ya rikita ni. Kullum ina zuba abincin kifi kamar yadda ka ce, alhali babu kifi ko ɗaya a ciki. Maƙwabta har leƙowa suke su ga wa nake ciyarwa. Na ɗiga maganin gwajin ruwan da ka ba ni: kwalba ta farko ta yi kore, ta biyu kamar zoɓon da aka tsinka. Ruwan kuma ya yi duhu-duhu. Ya lalace ne, ko haka ake so? Ni dai ban gane ba.

Ƙanwarka,
Najaha

Kano, Laraba

Najaha,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Haka ake so, sarkin tsoro. Abincin ne ke ruɓewa ya zama guba, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su hayayyafa a soson tace ruwan, su cinye gubar. Kada ki wanke komai. Ranar da kwalba ta farko ta koma rawaya, ta biyu shuɗiya, rubuto mini, abokina Abdurrazak zai kawo kifayen a Juma'ar da ta biyo. In aka sa su kafin nan, mutuwa za su yi. Ki ajiye littattafan soyayyar nan ki riƙa duba kwalba.

Yayanki

Matameye, Asabar

Ƙawata Basira,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ya Damagaram? Ki karanta wannan ke kaɗai.

Kin tuna Abdurrazak, wanda ya taɓa rako Yaya gida, ya ce mini sannu na ruga ɗaki? Shi zai kawo kifin. Har na shirya yadda zan miƙa masa ruwan sha, da mayafin da zan yafa.

To shekaranjiya na dawo daga makarantar lakwal na tarar da akwatin yana ƙyalli. Inna ta ce ba za a yi baƙo daga Kano ya ga ƙazanta a ɗakinta ba. Ta zubar da ruwan, ta wanke duwatsun ciki da soson da jabel, ruwan bilicin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, yadda take wa randa. Na ce akwai masu rai a ciki. Ta ɗaga soson ta ce, "Nuna mini ɗaya."

Basira, da na gwada, sai ga rawaya da shuɗi! Daidai abin da Yaya ya ce. In na rubuta haka ban yi ƙarya ba, kuma zai zo. Amma ƙwayoyin nan sun gama aikinsu ne, ko mutuwa suka yi? Ta yaya zan san abin da ban taɓa gani ba ya mutu? Na canza ruwan har warin jabel ya fita, na sake zuba abinci. In kwalbar farko ta sake yin kore, na san babu mai cinye gubar.

Taki har kullum,
Najaha

Matameye, Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Kwalbar farko ta koma kore. Inna ta wanke akwatin, ƙwayoyin sun mutu, sai an faro daga farko. Ka ce wa abokinka kada ya zo tukuna.

Idan ruwan ya yi, shi ne dai zai kawo su, ko wani za ka aiko?

Ka huta lafiya.
Najaha