Baiwar Allah Mai Kwandon Albasa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Mai Girma Shugaban Gidauniyar Ɗaga Mata Manoma, Uban Ƙungiya, Garkuwan Ƙananan Manoma, ya samu labarin rasuwar baiwar Allahn nan mai kwandon albasa, wadda hotonta ke jikin motocinmu, da kalandarmu, da allon ƙofar ofishinmu shekara bakwai ke nan.

Marigayiyar mace ce mai kazar-kazar. Duk baƙon da ya zo daga ƙasashen da ke bakin teku, gonarta muke kai shi, ta ɗora kwando a ka ta tsaya a rana har a gama ɗaukar hoto, ba ta taɓa ɓata mana murmushi ba. A shekarar da albasarta ta ruɓe cikin mota a bakin iyaka, ita ce ta tarbi tawagarmu da guɗa. Ba za mu manta da kalamanta ba, waɗanda muka buga a jikin riguna don zaburar da malalatan mata: "Tun da kuka zo ban zauna ba." Ko a ranar da ta yanke jiki ta faɗi, tana tsaye ne tun hantsi tana jiran Mai Girma, wanda wani uzuri ya tsare.

Babbar 'yarta ta zo ofis tana hawaye, tana cewa, "Ku bari mu cire albasar Inna tukuna, saura sati uku, ita ce abincin ƙannena." Mun tausaya mata matuƙa, har an ba ta ruwan sanyi. Sai dai ƙa'ida ta ce fegin, wato gonar da take nomawa, aro ne ga mace mai rajista, ba a gadonsa, amfanin da ke tsaye kuma ƙasa yake bi. An miƙa fegin ga uwargidan Mai Girma, wadda Allah Ya sa ta yi rajista shekaranjiya.

Allah Ya jiƙanta, Ya ba marayunta haƙuri mai yawa, don za su buƙace shi. Hotonta zai ci gaba da zama a motocinmu.

Muna roƙon wani daga cikin iyalin ya zo ranar Litinin ya faɗa mana sunanta, saboda allon tunawa da za a kafa. Ya taho da injin ban-ruwan da muka ara mata.

Sa hannu:
Kakakin Gidauniya,
Babban Jami'in Hulɗa da Jama'a