Na Ɓoye Majinyaciyata Cikin Ruɓaɓɓiyar Albasa

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da duk wanda idonsa ya kai kan wannan rubutu. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu. Kuma kafin kowa ya fara tsine mini, ya daure ya kai ƙarshe, don babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema da gaggawa. Akwai wata yarinya mai goyo da ke buƙatar zuwa asibiti, kuma bakina ne ya tare mata hanya.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan asibitin ƙauye a ƙasar Maiyama, ɗaki biyu da baranda, daga ni sai in-cajinmu, wato shugaban asibitin. Tun ba a yanke mana jiha daga Sakkwato ba nake aikin nan. Bayan an ba mu Kebbi sai ga wani shiri daga gwamnatin tarayya na yaƙi da ciwon daji. Aka tara mu aka koya mana yadda mace za ta riƙa shafa mamanta ta ji ko akwai ƙullutu, aka ce mu shiga gida gida mu koya wa mata su zo da wuri. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai wannan mai sauƙi ne. To mu a wurinmu, tun kaka da kakanni an tafi a kan cewa daji ba ya son ƙarfe. Wai da allura ta taɓa shi, ko wuƙar likita, sai ya fusata ya bazu cikin jiki ya kashe mai shi. Shi ya sa mace in ta ji ƙullutu sai ta ja zane ta rufe, ta aika wurin mai magani a ba ta saiwa da garin shafawa, asibiti kuwa ko hanyarsa ba za ta bi ba. Wannan magana ita na yi ta yaƙa, gidan suna, gidan biki, bakin rijiya, har maƙogwarona ya bushe, har matan gari suka laƙa mini suna Malama Ƙarfe. In na wuce sai ka ji suna cewa, “Ku ɓoye mamanku, ga ta nan tahe.” Ni kuwa ko a jikina, don na san gaskiya nake faɗa.

Akwai wata tsohuwa, zan kira ta Inna Tumba ko da yake ba sunanta ba ne. 'Yar ƙasar Aliero ce, aure ya kawo ta nan, mijin ya rasu. Sana'arta tsintar albasa, ta zauna gindin rudu, wato rumfar da ake jibge albasa don ajiya, tana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Daji ya kama mamanta na hagu, ta ɓoye shi har ya fashe. Zaryar da na yi gidan nan Allah kaɗai ya sani. 'Ya'yanta maza suka ce ko gawarta ba za ta shiga asibiti ba, babbansu har ya taɓa zare mini ido a zaure. Rannan da hantsi ina wanke hannu sai ga tsohuwar nan tana takawa da kyar, 'yarta Kulu na riƙe da ita, ga jariri a bayan Kulun. Ta dube ni ta ce, “Malama, ga ni na zo. In ƙarhen ga ya kashe ni, ke da Allah.” Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Na shimfiɗa mata a ɗaki na biyu, kullum safe in wanke mikin, in sa sabon bandeji, in yi mata allurar rage zafi. Ba zan ɓoye muku ba, warin ciwon nan ya wuce misali, har tuwo sai da ya fita raina, amma ban taɓa yatsine fuska a gabanta ba. Kuma ba ta mutu ba. Har barci ta fara samu. Matan gari suka fara leƙowa da sunan dubiya, alhali so suke su ga wadda ƙarfe ya taɓa tana numfashi. Wasu har suka fara jan hannuna gefe suna cewa in duba su. Abin da ya rage kawai a samu hanyar kai ta babban asibiti, don ciwonta ya fi ƙarfin ɗakinmu, in-caji kuwa kullum amsarsa ɗaya ce, wai ya kai magana sama.

Ana haka sai labari ya zo cewa baƙi za su zo daga Abuja su auna ko shirin nan ya yi amfani a ƙauyuka. Kai, ku zo ku ga rawar jiki! Aka shafa wa asibiti farar ƙasa, aka share ciyawar da ta shekara ba a taɓa ba. In-caji ya tara mata a baranda ya ba kowa sabulu, yana koya musu amsa kamar 'yan firamare. “In kun ji ƙullutu ina za ku?” Su ce, “Asibiti!” “Daji na jin magani?” Su ce, “Shina ji!” Rabinsu kuwa na san abin da ke ƙunshe a bakin zanensu, garin mai magani ne. Sannan ya kira ni gefe ya ce, “Malama, kin san abin da mutanen ga ka dubawa? Inda aiki ya yi kyau ba a ganin macen da ciwo ya ruɓe gare ta. In sunka ga wagga tsohuwa, cewa za su yi ba mu yi komi ba, ga jiharmu sabuwa, mu na za mu zan abin kunya.” Na ce to ina za mu kai ta? Ya nuna bayan asibiti da haɓa. Shi ma manomin albasa ne kamar kowa a nan, yana da rudu a bayan katanga, kuma lokacin zafi ya sa albasar ta fara ruɓa, ruwanta na tsiyaya ƙasa. Ya ce, “Ki kai ta can har su tahi. Warin albasa ya danne nata.” Jama'a, da na tofa masa miyau a lokacin da yanzu ina barci lafiya. Amma me na yi? Na ce to. Me ya sa na ce to? Tsoron aiki ne? Son a yabe ni ne? Har yau ina tambayar kaina.

Ranar da za su zo na shiga wurin Inna Tumba na ce ta tashi za mu canza mata wuri. Ashe ta ji labari. Ta sa Kulu ta ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, ta zauna tsaf tana jira. Ta ce, “Ɗiyata, ba manyan likitoci anka ce za su zo ba? Ai ni sunka zo gani. Ba inda za ni.” Na lallashe ta, ta ƙi. Na ce ɗakin za a gyara, ta ce a gyara tana ciki. Ga ƙarar motoci na fara ji daga nesa, ga in-caji na ƙwala mini kira. Sai na durƙusa kusa da kunnenta, Kulu na tsaye tana ji, na ce, “Inna, bari in gaya miki abin da ba ni gaya wa kowa. Mutanen nan da wuƙaƙe suka zo, yanka ki za su yi. Ke kin san daji ba ya son ƙarfe. Allurar da nake yi miki ƙarama ce shi ya sa bai farga ba, amma wuƙa, ko kwana ba za ki yi ba.” Ni fa! Ni Malama Ƙarfe, da wannan bakin nawa! Tsohuwar nan ta dube ni ta ce, “Ashe dai gaskiya ta.” Ba ta ƙara musu ba. Muka kama ta ni da Kulu muka zagaya da ita, na zaunar da ita kan buhu a ƙarƙashin rudu, cikin ƙudaje da ruwan albasa, na jawo zana na kare su.

Baƙi suka zo, mata suka rera karatunsu, aka tafa. Shugabarsu wata likita ce mai fara'a, tana jin Hausa sosai. Da muka zagaya ta wajen katanga sai ta toshe hanci tana dariya ta ce, “Lallai mun shigo ƙasar albasa.” Kowa ya yi dariya, har da ni, haƙora a waje, tir da ni. Da za su tafi ta tambaya, “Ba ku da ko mace ɗaya da ciwon ya yi nisa?” In-caji ya yi caraf ya ce, “Ranki shi daɗe, da can na. Yanzu kan matanmu ya waye.” Ta ce, “Madalla. Ai da akwai da mun tafi da ita, don mun bar wuri a mota, kuma an ware wa shirin nan gadaje a babban asibiti kyauta. Za mu zagaya sauran ƙauyuka mu biyo ta Jega ranar kasuwa mai zuwa ta sama, in kun samu wata ku kawo mana can.” Ina tsaye. Tsakanina da Inna Tumba katanga ce kawai, ko tari ta yi za a ji. Abin da muka daɗe muna roƙo ga shi ya zo har ƙofa da ƙafarsa, kuma na kasa buɗe baki, don in na buɗe sai an tambaye ni me majinyaciya take yi a ƙarƙashin rudu. Na tsaya ina ɗaga musu hannu har motocin suka ɓace.

Da na koma na ɗaga zanar, ƙudaje sun yi baƙi a kan bandejinta, ɗankwalin nan mai kyau ya jiƙe da zufa. Na ɗauka zagina za ta yi, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, “Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kin cece ni daga mahauta.” Washegari ta ce a mai da ita gida, ko allurar zafin ba ta ƙara yarda an yi mata ba. Kuma duk wadda ta je dubiya sai ta gaya mata cewa Malama da kanta ta faɗa mata a asirce, daji ba ya son ƙarfe, abin da take faɗa a waje na aiki ne kawai. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari, har ƙauyukan kusa. Matan da suka fara jan hannuna duk sun ɗauke ƙafa. Babban ɗanta da ya zare mini ido, shi ne ya aiko mini da kwandon albasa, zaɓaɓɓiya, wai godiya. Tana nan a tsakar gidana ko taɓa ta na kasa yi. A can sama kuwa an kira sunan asibitinmu a taro, wai a nan ne aka kashe camfin ƙarfe. In-caji ya dawo yana washe baki kamar ango.

Na same shi na ce ni fa zan faɗi gaskiya. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, “Wa ya aike ki ki hwaɗa mata haka? Ni cewa na yi ki kai ta rudu. Sauran ke kika ƙaro da kanki.” Abin haushi, gaskiyarsa ce. Ya ce in na tona, da ni da shi duk kora ce, kuma 'ya'yan tsohuwar in suka ji an jibge uwarsu cikin ruɓaɓɓiyar albasa don kada baƙi su ji warinta, ba zan ƙara kwana garin nan ba. Ni kuwa marayu nake riƙo, aikin nan shi ne cinmu.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye na ci gaba da ƙyamar kaina a ɓoye. Shekaranjiya da safe sai ga Kulu ta shigo da goyonta, ta tura ƙofa ta rufe. Ta kama hannuna ta ɗora a mamanta na dama. Na ji shi, ɗan ƙarami, bai wuce ƙwayar gujiya ba, mai tauri. Da kanta ta gano shi, ta hanyar shafawar da ni na koya mata. Ban ce daji ba ne, sai an gwada, kuma gwajin da allura ake yi. In ma shi ne, irin wannan ne ake cirewa mace ta rayu ta aurar da 'ya'yanta. Ta ce, “Inna ta ce ke kaɗai ka hwaɗin gaskiya garin ga. Wane mai magani za ki tura ni wurinai?” Na ce Kulu, ba wani mai magani, ki shirya ranar kasuwa in kai ki Jega wurin likitar nan, ni zan biya mota. Sai ta yi murmushi, ta waiga ta dubi ƙofa, ta rage murya ta ce, “Haba Malama, ba kowa nan, daga ni sai ke. Ba sai kin yi mini maganar aiki ba.”

Na rantse mata da Allah, ta ce ta sani, dole ne in rantse, aikina ne. Ta gyara goyonta ta ce za ta dawo in na samu natsuwa.

To jama'a, ga inda nake. Hanya ɗaya ce ta rage da yarinyar nan za ta yarda ta hau mota, in zauna gabanta da uwarta da yayyenta in ce ƙarya na yi, kuma in faɗi dalili, cewa warin uwarsu muka ɓoye wa baƙi. Aikina zai tafi, zamana a garin zai ƙare, wannan duk na san shi. Abin da ban sani ba shi ne ko bayan na faɗa za su yarda, ko kuwa cewa za su yi an matsa mini ne daga sama in janye maganata. Ranar kasuwar Jega ta kusa, ƙullutun kuwa ba jirana zai yi ba. Don girman Allah ku ba ni amsa kafin motar nan ta wuce. Me zan yi?