Rasuwar Injiniya Mikail Gwadabe da Roƙo Kan Kwalaben da Ya Bari

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Dafa Sukari da Alewa ta Cikin Birnin Kano ta sami labarin rasuwar mai ba ta shawara, Alhaji Dakta Injiniya Mikail Gwadabe Koki, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata bayan la'asar, aka yi masa sutura kafin magariba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya shafe shekara ashirin da shida a masana'antar sukari yana bin tambaya ɗaya: yaushe ƙwayar farko take tsirowa a cikin ruwan sukari mai zafi, kuma da wane irin sauri take girma. Da ya yi ritaya, sai ya dawo da lissafinsa bakin tukwanenmu, ya nuna mana cewa idan ruwan ya yi saurin hucewa, ƙwayoyi dubu ne za su tsiro lokaci guda, kowacce ta hana 'yar'uwarta girma, sukarin ya fito kamar gari. Jadawalin da ya rubuta mana na zafi da lokaci yana manne a bangon rumfuna sama da talatin.

Bai gama ba. Ya sha faɗa mana cewa lissafinsa yana kuskure idan damina ta shigo, kuma domin gano dalili ne ya jera kwalabe goma sha biyu na ruwan sukari a kan kanta a zaurensa, kowacce da zare a ciki, da nufin a bar su kwana sittin ba a motsa ba. Yau kwana arba'in da ɗaya. Ni ne yake sawa in duba ma'aunin zafi kowace safiya in rubuta a littafi, ba don na fahimci lissafin ba, sai don ba na fashi. Ranar Laraba na zo, na duba, na rubuta digiri talatin da ɗaya. Har yanzu ban tabbata ba ko abin da na gani ke nan, don haka na sa alamar tambaya a gefensa.

A madadin Shugaba, Alhaji Gambo Ƙofar Ɗan Agundi, da dattawa da ɗaukacin 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya Zaituna, da 'yarsa Malama Bahijja, da sauran dangi da mutanen Koki. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna makoma, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi.

A zauren nan da kwalaben suke ake zaman makoki. Da izinin iyali, muna roƙon masu zuwa gaisuwa kada a jingina da kantar, kada a ɗaga kwalba don a gani, domin girgiza ɗaya ta isa ta ɓata ta. Jiya an ɗaga kwalba ta bakwai. Saura goma sha ɗaya, da kwana goma sha tara. Duk ɗalibinsa da ya iya karanta lissafin, ya neme ni. Zan ci gaba da rubutawa.

Malam Jibrin Anas Ƙofar Ruwa
Jami'in Hulɗa da Jama'a